Tayar da Dunoma Ya Juya

Duk wanda ya san Alhaji Muhammadu Lawal a Kazaure ya san shi da abu biyu: baƙar jif ɗinsa mai tsayi, wadda sai mutum ya taka matakala kafin ya shiga, da kuma gaisuwa. Tsohon ma'aikacin masarauta ne, ya yi shekara talatin da wani abu yana kai-komo tsakanin hakimai da dagatai, ya ajiye aiki ya koma kula da gonakinsa na Gwiwa da Roni. To amma gaisuwar nan bai ajiye ta ba. Ba ya wuce dattijo a bakin hanya, ba ya wuce majalisa, balle masu zaman makoki. Da ya hango rawani ko furfura sai ya ɗaga yatsa ɗaya, direba kuwa ya san abin da yatsan nan yake nufi, wato sauka daga kwalta ka tsaya yanzu.

Direban shi ne Dunoma, wani siririn mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda kakansa ya zo daga Barno da fatauci ya zauna a nan ƙasar. Ba shi da yawan magana. Yana zaune a ɗaki biyu da ke bayan gidan Alhaji tare da matarsa Ummu Salma da 'yarsu guda ɗaya tilo, Amna, wadda sai da suka shekara goma sha ɗaya da aure kafin Allah ya ba su ita. Shekararta tara, ga surutu kamar ba 'yar Dunoma ba, kuma kusan a cikin gida take wuni wajen Zulaiha, jikar Alhaji, sa'arta.

Yanzu ga inda matsalar take. Ruwan damina yakan zaizaye gefen hanya ya bar bakin kwalta a tsaye da kaifi, wani wurin zurfinsa ya kai taƙi guda. Duk sanda Alhaji ya ɗaga yatsa, ƙafar gaba ta dama ce take fara faɗawa ramin nan, dim, da nauyin motar duka a kanta. A tafiya ɗaya zuwa Gwiwa sai a yi haka sau goma sha biyar, a dawowa a sake yi. Alhaji yana can yana tambayar lafiyar iyali da ta dabbobi, bai san ƙarfe ma yana gajiya ba.

Wata shida da kama aikin Dunoma, sai ya lura tayar gaba ta dama tana cinyewa ta gefen waje kaɗai. Sauran jikinta sabo fil, zanenta raɗau, amma gefe ɗaya ya yi sulɓi kamar an goge shi da dutse. Ya yi shiru ya cire ta ya sa safaya, ita kuma ya ɗaure ta a ƙarƙashin motar a matsayin safayar. Bayan wata huɗu wadda ya sa ita ma ta bi sahu, a daidai wannan gefen. Nan fa hankalinsa ya tashi, domin ya san abin da ya faru da Hamma.

Hamma shi ne direban da ya gada. Tayoyi sababbi ne suka riƙa mutuwa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, Alhaji kuwa ya yanke cewa musanya su yake yi da tsofaffi yana sayar da sababbin. Bai yi masa faɗa ba, ai Alhaji ba ya ɗaga murya. Ya dai miƙa hannu ya karɓi mukulli, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Shi ke nan. Har yau Hamma yana tashar mota yana yi wa motocin haya lodi da furfurarsa, kuma garin duk ya san dalilin da aka ce an sallame shi.

Don haka wata rana da hantsi, Alhaji yana wajen ɗaurin aure, Dunoma ya zame da motar zuwa wurin Maikasuwa, mai facin taya da ke ƙarƙashin darbejiya kusa da tasha. Maikasuwa ya haura shekara talatin yana wannan sana'a, ga baki, ga tsokana, amma taya ba ta ɓoye masa komai. Ya tsuguna ya shafa gefen da tafin hannu, gaba da baya, ya yi tsaki.

Ya ce masa taya ai ba ta ƙarya, inda ta cinye shi yake gaya maka ciwonta. In tsakiyarta ce ta suɗe, to iska aka cika mata, aikin masu cewa babbar mota sai iska mai yawa, su yi ta ɗura mata suna ƙwanƙwasawa da ƙarfe ba gejin awon iska, alhali ga adadin nan a rubuce a jikin ƙofar direba. In gefe biyu ne, iskar ce ta yi kaɗan. In kuwa ka ji ta tudu da kwari a ƙarƙashin hannunka, ka nemi shokazoba. Amma wannan, gefe ɗaya tal, ƙafar ce ta goce daga saiti, tayar ba gaba take kallo sosai ba, jan ta ake yi a karkace tana kankarar kwalta tun daga Kazaure har Roni. Ya leƙa ƙasa ya girgiza ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar, ya ce ga shi nan ma ya lanƙwashe.

"Wane rami kake faɗawa kullum da wannan ƙafar?" in ji Maikasuwa.

Dunoma ya gaya masa. Maikasuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe gaisuwa ma tana cin taya. Da ya gama dariyarsa sai ya ce maganin ba wuya. A kai motar Kano a canja ƙarfen nan, a hau da ita injin saiti a daidaita ƙafafun, a sayi taya biyu sababbi, a riƙa sauya musu wuri lokaci-lokaci, sa'an nan in za a sauka daga kwalta a rage gudu tukuna a sauka a hankali kamar mai tallar ƙwai. Aikin wuni ɗaya ne. Ya ce wa Dunoma ya je ya gaya wa Alhaji kawai.

Kawai! Da baki abin yana da sauƙi. Wane bara ne zai tsuguna gaban mutum kamar Alhaji Muhammadu Lawal ya ce masa, ranka ya daɗe, gaisuwarka ce take kashe mana mota? In ma bai faɗi haka ba, ya ce taya biyu sun mutu a wata goma, me Alhaji zai ji in ba labarin Hamma ba? Dunoma ya hango kansa a tasha yana lodi, ya hango Ummu Salma tana ɗaure kaya daga ɗaki biyun nan, ya hango an cire Amna daga makarantar da Alhaji ya sa ta tare da Zulaiha. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce wa Maikasuwa ya cire tayar daga rim, ƙarfen da take zaune a kai, ya juya ta, gefen da ya cinye ya koma ciki inda ido ba ya kai wa, a mayar da ita baya ta dama, mai lafiyar ta baya ta dawo gaba.

Maikasuwa ya daina dariya. Ya ce wannan ba gyara ba ne, ɓoyo ne, kuma mutane suna ganin tayar baya ba komai, alhali mota mai tsayi irin wannan in ta baya ta fashe tana gudu, wutsiyarta take kaɗawa ta kife. Dunoma ya roƙe shi, ya ce sati biyu kawai, zai nemi ranar da Alhaji yake cikin nishaɗi ya faɗa masa. Maikasuwa ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya jawo jak.

Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Kada ka wuce sittin. Kada ka yi doguwar tafiya da tsakar rana. Kuma ka ji ni da kyau, gefen da ya mutu yanzu shi ne a ciki, shi zai riƙa gogar bakin kwalta in ka sauka. Da rarrafe za ka riƙa sauka."

Sati biyu suka wuce, na uku ya shiga. Bazara ta kama sosai, irin zafin da kwalta ke yin laushi ana hango ta tana rawa daga nesa. Kullum da safe Dunoma sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashin motar kamar mai duba mai, ya zura hannu ya shafa cikin tayar. Ran Talata ya ji wayoyi sun fara tsirowa suna sukar yatsa. Ran Alhamis ya ji kumburi ya taso a wurin, kamar ƙwan kaza. Ya janye hannunsa da sauri, ya fito ya naɗe buhun.

Ya kuwa yi niyyar faɗa, wallahi ya yi. Sau uku yana buɗe baki a mota, sau uku Alhaji yana ɗaga yatsa ko waya ta yi ƙara, shi kuma ya ji wani sanyi a ransa cewa ba yau ba. Abinci ya daina shiga. Ummu Salma ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce zafi ne kawai. Abin da yake lallashin kansa da shi shi ne, ai mukulli a hannunsa yake, shi ya san ciwon motar, shi zai lallaɓa ta. Wautar ke nan, mutum ya ɗauka abin da ya ɓoye zai tsaya inda ya ajiye shi.

Ran Asabar akwai suna a Babura, gidan ƙanwar Hajiya, matar Alhaji. An shirya Dunoma zai kai su bayan la'asar in rana ta yi sanyi, shi ne ma ya ba da shawarar hakan. Da safe Alhaji ya aike shi Roni a kan babur ya kai wa mai kula da gona saƙo game da sharar gona da taki. Kafin ya tafi ya rataye mukulli a ƙusar da ke zaure, inda ake rataye shi kullum.

Ya dawo ana gab da kiran azahar. Tun daga kwana ya ga rumfar mota wayam. Ya ce wa kansa wataƙila an tura ta inuwa ne, alhali ya san ba mai tura motar nan. Ya jingine babur ya zaga baya, ya tarar da Ummu Salma tana tankaɗe, tana ganinsa ta fara murmushi. Ta ce ai ya huta yau, Jamaluddeen ne ya iso daga Abuja da hantsi, ya ce me za a jira har la'asar ga mota ga direba, ya ɗauki Hajiya da Zulaiha sun tafi. Jamaluddeen shi ne autan Alhaji, saurayi mai kirki da ladabi, sai dai in ya riƙe sitiyari ba ya ganin allurar maleji a ƙasa da ɗari da ashirin.

Dunoma ya ce, "Ina Amna?"

Ta ce Zulaiha ce ta kafe sai da ita, Hajiya ta ce a sa mata kayan salla ta zo. Ta ce ka ga murna wajen yarinyar nan, ko takalmi da ƙyar ta tsaya ta sa. Sun yi kamar rabin awa da tafiya.

Dunoma ya cusa hannu a aljihu da sauri. Ummu Salma ta ajiye rariya tana tambayarsa lafiya, shi kuwa yana ta laluben waya. Ya kira Jamaluddeen, ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake, haka. Ya kira Hajiya, ita kam ya san wayarta tana can ƙasan jaka a ƙarƙashin turamen atamfa. Ya sake kiran Jamaluddeen sau biyu. To ina dalilin da saurayi yana tuƙi yana hira da mahaifiyarsa zai ɗaga wayar direba? Kira ɗaya ne a duniya Jamaluddeen ba ya bari ya katse, na mahaifinsa.

Alhaji yana zaure da baƙi, dattawa uku daga Gwiwa da suka zo maganar iyakar gona, tare da Malam Hussain, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya kawo su a motarsa. Dunoma ya zo da gudu har bakin zaure. A nan kuma, Allah sarki, ƙafafunsa suka yi abin da suka saba. Ya tuɓe takalmi, ya shiga a sunkuye, ya tsuguna daga gefe. Wani dattijo yana tsakiyar bayani a kan wata tsamiya da kakansa ya shuka a kan iyaka. Ba a katse dattijo. Tun yana yaro aka dasa masa wannan a jiki, ko gobara ce sai ka bari babba ya kai aya. Ya tsuguna nan zufa tana bin bayansa, yana ganin motar a idonsa tana cin kwalta mai zafi, kumburin nan yana juyawa, yana juyawa, Amna tana kujerar baya ta dama a daidai kan tayar domin ita ce mai son taga.

Dattijon ya numfasa, na biyu ya karɓa. Alhaji ya waiwayo ya ga Dunoma, ya ce a'a, har ka dawo, ya ka baro su? Bakin Dunoma kuwa ya amsa da kansa, lafiya lau ranka ya daɗe, suna gaishe ka. Ya gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, suka amsa, suka tambaye shi rana, ya ce alhamdulillahi. Minti nawa ya tafi a haka, biyar ko bakwai, shi ma bai sani ba. Da dattijo na biyu ya sake gyara murya zai ci gaba, sai Dunoma ya ji wata murya ta fito daga bakinsa da ƙarfin da bai taɓa yi a zauren nan ba.

"Ranka ya daɗe, a kira Jamaluddeen. Tayar baya ta mutu, ni na juya ta na ɓoye. Za ta fashe."

Alhaji ya dube shi, kallo ɗaya, bai tambayi komai ba. Ya ɗauki waya ya danna, ya sa ta a amsa-kuwwa domin kunnensa ya fara nauyi. Ƙara ɗaya, biyu, sai ga muryar Jamaluddeen tare da hucin iska da dariyar yara a bayansa. Ya ce salamu alaikum Baba, barka da rana, mun kusa Kanya Babba ma.

Dunoma ya ji dariyar Amna a ciki, ya gane ta. Suna raye. Ya ji kamar ya kwanta a ƙasa don godiya.

Alhaji ya ce, "Jamaluddeen, sauka gefe ka tsaya. Yanzu-yanzun nan."

Sai a lokacin maganar Maikasuwa ta faɗo wa Dunoma. Ba sauka ba! Kamata ya yi Jamaluddeen ya ɗaga ƙafa daga totur kawai, ya bar ta ta rage gudu da kanta a kan kwalta, kada ya taɓa gefe. Ya miƙa hannu wajen wayar, hannun ya tsaya a iska, don wa ya taɓa fizge waya daga hannun Alhaji? Ya ce, ranka ya daɗe, a ce masa... Amma Jamaluddeen yaro ne mai biyayya, bai taɓa jin wannan muryar a bakin mahaifinsa ba, kuma bai taɓa sa shi ya maimaita umarni ba. Ya ce to Baba.

Suka ji kukan birki. Suka ji wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin zauren. Suka ji Hajiya ta ɗauko salati ba ta ƙarasa ba, sai rugugin ƙarfe da gilashi, ya yi, ya sake yi, sa'an nan wayar ta ɗauke.

Dattawan Gwiwa suka ɗauki innalillahi. Alhaji ya sake kira, aka ce a kashe take. Ya miƙe, Malam Hussain ya ce su tafi a motarsa. Dunoma ya bi su ba takalmi. A bakin ƙofa ya ga Ummu Salma ta leƙo da gari a hannunta tana neman idonsa, ya kasa kallonta, ya shige mota.

Tafiyar nan ba zai manta da ita ba har ya mutu. Malam Hussain yana tuƙi yana kiran duk wanda ya sani a Kanya Babba, layi yana shiga yana katsewa. Alhaji yana gaba da carbi a hannu, amma ba ja yake yi ba, riƙe shi kawai ya yi. Dunoma yana baya ya ƙanƙame gwiwoyinsa. Duk motar da ta taho daga gaba sai ya leƙa cikinta ko zai ga wani abu a fuskar mutane. Suka wuce majalisa biyu da wasu dattawa a gindin bishiya, har wani ya ɗaga hannu ya gane Alhaji, ba wanda ya tsaya.

Sun yi nisa kafin Alhaji ya yi magana, kuma bai waiwayo ba. Ya tambayi tun yaushe. Dunoma ya faɗa masa duka, tayar farko, ta biyu, ƙarfen da ya lanƙwashe, bakin kwalta, abin da Maikasuwa ya ce a yi da abin da shi ya sa aka yi. Yanzu da ba sauran abin tsoro a faɗar, maganar ta fito ba ko gargada, har ya ji haushin sauƙinta. Da ya gama, sai Alhaji ya ce:

"Ke nan Hamma bai sayar mini da taya ba."

"Bai sayar ba, ranka ya daɗe."

Alhaji ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Can ya ce, a hankali, shi fa bai taɓa zagin ɗan aikinsa ba, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, me ya sa ake tsoronsa haka har a zaɓi wannan a kan a yi masa magana? Malam Hussain ya ƙara wuta.

Kafin Kanya Babba kaɗan suka hango taro. Babura da kekuna a gefen hanya, mutane tsaitsaye a cikin wata gona da aka share ana jiran ruwa. Jif ɗin tana can kusan taku arba'in daga titi, a kwance a kan gefenta, ta yi rami a cikin rairayi. Tayar baya ta dama tana sama, ta yage tun daga ciki, wayoyinta a waje kowa yana gani. Atamfofi da kwanonin suna a warwatse, wata mata tana tsince su tana karkaɗewa.

Wani manomi da fartanya a kafaɗa ya tare su. Ya ce a gabansa aka yi, motar ta taho da gudu sai ta yanko gefe kamar an kira ta, ƙafar baya tana faɗawa bakin kwalta ta fashe, ta yi juyi biyu. Rairayi ne ya taimaka. An sa su a bas an yi asibiti da su Babura. Saurayin da ƙafarsa ya fito, Hajiyar ma tana magana, yarinya ɗaya tana ta kuka. Ɗayar ce dai da aka ciro ta ba ta motsi.

Alhaji ya ce wacce? Manomin ya ce wallahi bai sani ba, kansu ɗaya, kuma kayansu iri ɗaya.

Suka koma mota. Daga nan zuwa Babura ba nisa, amma a nan ne Dunoma ya san abin da ake kira tsoro. Ya tsinci kansa yana cewa ya Allah kada ta zama Amna, ya Allah kada ta zama Amna, sai ya gane abin da yake roƙo ke nan, ta zama Zulaiha, jikar mutumin da ke zaune a gabansa, yarinyar da take kiransa Baba Dunoma. Ya ji kunyar kansa ta kama shi. Ya yi ƙoƙarin canja addu'ar, ya ce Allah ka tsare su duka, amma zuciyarsa ta ƙi, ta koma kan ta farko. Ya dubi ƙeyar Alhaji, ya san shi ma abin da yake fama da shi ke nan.

A barandar asibiti suka fara ganin Jamaluddeen, riga duk jini da ƙasa, hannu a naɗe. Yana ganin mahaifinsa ya durƙusa yana kuka yana cewa Baba na tsaya, ka ce in tsaya na tsaya. A kan benci Hajiya ce zaune da ɗauri a goshi, ta rungume wata yarinya a cinyarta. Yarinyar ta ɗago kai. Zulaiha ce.

Dunoma ya dafa bango. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambayi waye mahaifin ɗayar, ya ɗaga hannu. Ta ce ya biyo ta. Ta ce yarinyar ta farfaɗo, ta gane sunanta, amma ƙashin cinyarta ya karye wuri biyu, kuma sai an kai ta Kano an duba kanta. Tafiya kuwa, likita ya ce a bari tukuna a gani, kada a yi masa tambayar da ba zai iya amsawa yau ba.

Amna tana kan gado na ƙarshe, ta yi ƙanƙanta a cikinsa. An aske gefen kitsonta an ɗinke, leɓenta ya kumbura, an ɗaure ƙafar da katako tun daga ƙugu. Ya tsuguna a gefen gadon ya kama 'yan yatsunta. Ya ji takun Alhaji ya shigo ya tsaya a bayansa.

Ta buɗe ido da ƙyar, ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane shi. Sai ta yi ƙoƙarin murmushi da kumburarren bakin nan.

"Baba," ta ce, "kada ka yi wa Yaya Jamalu faɗa. Shi bai san motar ba ne. Da kai ne kake tuƙi da ba mu faɗi ba, ai kai kullum sai ka duba ta."

Dunoma ya kifa goshinsa a kan ƙarfen gadon. Ta zare yatsunta daga hannunsa ta ɗora a kansa, tana shafa shi tana cewa ya yi haƙuri, ya daina kuka.